Zumarmu Ta Kai, Saura Mazubi: Jawabin Kwamitin Zuma a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a sahun gaba, yayyenmu da ƙannenmu, malaman gona da suka amsa gayyatarmu, da mazajenmu da ɗiyanmu da ke can rumfar baya, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda suka yi sammako daga Bakori da Danja da Ƙafur da Malumfashi, sannunku da hanya. 'Yan'uwanmu na wajen Dandume da Sabuwa da Faskari da ba su samu zuwa ba saboda halin da hanya ke ciki, muna tare da su, Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.

A taron da ya wuce aka ɗora wa kwamitin zuma aiki guda: mu je mu bincika, mu dawo da shawara a kan irin mazubin da za mu riƙa ɗura zumarmu a ciki, da abin da za mu rubuta a jikinsa. Wasu sun yi dariya a ranar, suka ce wannan ma har sai an kafa masa kwamiti? To, mun je mun dawo, kuma yau ku za ku yanke hukunci, domin kuɗin da za a kashe daga asusunku za su fito.

Ba mu da matsalar zuma. Duk wadda ta ɗanɗani abin da ke fitowa daga amyar da aka kafa kusa da ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, a ciro ta da bazara kafin ruwa ya sauka, ta san ba a fi mu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a kasuwa. Mai saye a Funtuwa ko Zariya ko Kaduna ya sha jin labarin zumar sukari da ta rake, an dafa an zuba ɗan kaki da mataccen ƙuda a kai don a rufe ido. Shi kuwa ba shi da hanyar ganewa. Gwajin ashana da gwajin ɗiga ta a ruwa da jiran a ga ko tururuwa za ta zo, duk ba su raba gardama, masu haɗin ma sun san su sun san yadda za su tsallake. Saboda haka kafin ya buɗe, da mazubi yake yanke hukunci. In ya ga tsohuwar robar ruwa da murfi a kwance, sai ya taya da farashin zumar da yake zargi, ko da taki farar saƙa ce. Asarar nan a kanki take sauka, ke da kika biya kuɗin amya, mai gidanki ko ɗanki ya shiga daji da dare ya sha harbi.

Bari mu fara da abin da muke roƙo a daina kwata-kwata, wannan babu ƙuri'a a kansa. Ƙasarmu ƙasar noma ce, masara, dawa, auduga, waken soya, kuma kowace damina jarkokin maganin ciyawa da na feshi suna cika gidaje. Jarkoki ne masu ƙwari, murfinsu na kamawa, shi ya sa ake jin ƙyashin yar da su. Wallahi ko sau goma aka wanke su da omo da toka, guba ta riga ta shiga jikin robar. Kada zuma ta shiga cikinsu, ko daga daji zuwa gida. Haka galan ɗin man inji da na fetur da na kananzir. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin sinadarin nan na fiya-fiya. Manoman da ba su taɓa zuba komai a wakensu ba, har da su aka sha hukuncin. Sunan ƙungiya haka yake.

Sai ƙarfe. Zuma tana da ɗan tsami a cikin halittarta, ko da harshe bai ji ba, kuma in ta daɗe a gwangwani ko bokitin langa-langa tana cin ƙarfen, ta yi baƙi, ta ɗauki ɗanɗanonsa. Ƙarfen da ya dace da ita shi ne irin mara tsatsa na cokulan zamani, shi kuma da tsada. Farin bokitin roba sabo mai murfi ya wadatar.

Tsofaffin robobin ruwa da na lemo da ake saye a hannun masu tsinto su fa? Mun san su suka riƙe wannan sana'a tun fil azal, kuma ba don raini muke magana ba. Amma ba wadda ta san inda robar ta kwana kafin ta zo hannunta, ko a gidan biki ko a bakin asibiti ko a kwata. Zoben murfinta ya riga ya tsinke, don haka ba yadda mai saye zai san ba a buɗe a hanya an ƙara wani abu ba. Ga ƙaramin baki: da sanyin hunturu ya shigo zuma ta daskare, sai dai a yanka robar da wuƙa. Dogayen kwalaben nan da ake zuba soyayyar gyaɗa kuwa, kowa ya san abin da aka fara zubawa a cikin da yawansu, kuma akwai masu sayen da ko kallonsu ba za su yi ba.

To, saura biyu ke nan: kwalba mai faɗin baki, ko sabuwar roba mai faɗin baki. A nan ne kwamiti ya fi daɗewa, har murya ta ɗan tashi.

Masu son kwalba suna da hujja. Kwalba ba ta ɗaukar wari, ba ta ba da wari, iska ba ta ratsa ta, kuma zuma a cikinta kamar amarya ce a ranar buɗar kai, launinta duk a fili. Ana iya tafasa ta, a sake amfani da ita, in dai an sa sabon murfi. Amma tana da nauyi, kuɗin mota ya ƙaru, kuma duk wadda ta taɓa ɗora kwali a bayan mashin daga ƙauye zuwa bakin titi ta san abin da rami ɗaya ke yi. Kwalba guda in ta fashe a kwali, ba ita kaɗai aka rasa ba, sauran duk sun yi danƙo, takardunsu sun lalace. Kwalaben mayonis da ake tarawa a gida suna da kyau in an tafasa su, sai dai murfinsu na riƙe wari, kuma girmansu ba ɗaya ba, ba za su jeru a kanta su yi kyan gani ba.

Roba kuwa ba kowace ba. Ku juya gindinta, za ku ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 1 ita ce garai-garai kamar kwalba, ita ta fi dacewa da abin da za a jera a kanta. Lamba 2 da lamba 5 su ne yawancin jarkoki da bokitai masu kauri. Lambar tana gaya miki irin robar ce kawai, don haka sai an tambayi dila a tabbatar don abinci aka yi ta, kuma sabuwa ce daga kamfani, a cikin ledarta. Ku shinshina ma. In tana warin roba mai ƙarfi, a bar ta, araha ba ta ado. Rauninta ɗaya: mai lamba 1 ba ta son ruwan zafi, tana lanƙwashewa, don haka ba a tafasa ta.

Shawarar kwamiti ita ce mu ɗauki sabuwar roba mai lamba 1, mai faɗin bakin da cokali zai shiga, a matsayin mazubinmu na kullum. Kwalba mu saye kaɗan, don manyan kantuna da masu sayen tsaraba. Masu sari da masu shagunan magungunan Musulunci da ke ɗiba da yawa, a ba su a farin bokiti ko sabuwar jarka. Kamfanonin roba suna nan a Kano, wajen Sharaɗa da Bompai, kuma in mun haɗa kuɗi muka saya a dunƙule, farashin ba zai zama ɗaya da na mai sayen dozin guda ba.

Murfi ya fi mazubin kansa muhimmanci, ku riƙe wannan. Zuma tana shan danshin iska kamar yadda gishiri ke yi. Ƙa'idar zuma ta duniya, wadda hukumar Codex ta fitar tun 1981, ta ce ruwan da ke cikinta kada ya wuce kashi 20 cikin 100. In ya wuce, sai ta fara kumfa, ta yi tsami, murfi ya kumbura. Abu uku ke jawo wannan: a ciro saƙar da ƙudan bai gama rufewa da kaki ba, ko a zuba a mazubin da bai bushe ba, ko murfi ya ƙi kamawa a watan Agusta lokacin da ko tabarma tana jin danshi. Don haka a nemi murfi mai zoben da ke tsinkewa in an buɗe, ko mai 'yar takarda a ciki da ke manne wa baki. In ba a samu ba, siririyar sitika da za ta haye murfi ta sauko jikin roba ta gefe biyu tana yin aikin. Akwai 'yar na'ura ta hannu da ake ɗiga zuma a kai a leƙa a ga yawan ruwanta, rifiraktomita sunanta. Guda ɗaya ta ishi ƙungiya duka, kuma mun sa ta cikin lissafin da za a karanta muku.

Yanzu ga wurin da muke so kowa ta buɗe kunne, har da masu lissafi a rumfar baya. Zuma ta fi ruwa nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma lita ɗaya ta zuma kusan kilo 1.4 take. Shi mai sayar da roba da awon ruwa yake kiran kayansa. In ya ce miki wannan ta 500 ce, mililita 500 yake nufi. Ke kuma kika cika ta da zuma, kika rubuta giram 500 a jiki, kika sa farashin rabin kilo, alhali abin da ke ciki kusan giram 700 ne. Kin yi kyautar giram 200 a kowace roba ba da niyya ba. A roba 100, kilo 20 ke nan, ya tafi ba sadaka ba, ba ciniki ba. In kuma aka juya, aka rubuta mililita 500 a robar da giram 500 kawai take ɗauka, to an tauye mudu, kuma duk mun san abin da malamanmu ke karanta mana a kan masu tauye awo. Robar da za ta ɗauki giram 500 ta zuma ita ce mai kusan mililita 360, ta giram 250 kuma kusan 180. Ido ba mudu ba ne, duk da ya san kima. Sai da sikeli, a fara auna robar ba komai a ciki, a cire nauyinta, sannan a zuba.

Girma biyu muka zaɓa, giram 250 da giram 500. Ƙaramar saboda mai albashi a ƙarshen wata da ɗalibi da mai son gwadawa, babbar saboda gida, musamman da azumi. Wasu sun so a ƙara ta kilo ɗaya. Mu bari mu ga yadda biyun nan za su tafi tukuna.

Wajen ɗurawa ba za mu tsawaita ba, mafi yawanku kun fi mu sani. A tace da kyalle mai tsabta, ba tare da an ɗora a wuta ba, a bar ta a rufaffen bokiti kwana biyu ko uku kumfa da ɓurɓushin kaki su taso sama, sannan a ɗura daga ƙasa ta famfon bokiti. Kuma don Allah a daina jera ta a rana a bakin tasha. Zafi yana duhunta ta, yana kashe ƙamshinta.

Sai maganar sitika, wato takardar da za a manna a jiki.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da iko a kan duk abincin da aka ƙunshe don sayarwa, kuma akwai abubuwan da take son gani: sunan abin da ke ciki, nauyinsa, suna da adireshin masu shi, ranar ɗurawa da ranar da ya fi kyau a sha kafin ta, lambar rukuni, yadda za a ajiye, da lambar rajista in an samu. Dole bayanin ya kasance da Turanci, amma ba a hana ƙara wani harshe ba. Mu za mu sa Hausa daidai da Turancin, kuma iyayenmu a kwamiti sun kawo shawarar a rubuta kalmar zuma da ajami ma. Mun ji daɗin wannan shawara ƙwarai, akwai masu saye da yawa da shi suka fi karantawa.

Ba mu da lambar NAFDAC tukuna, kuma manyan kantunan Kaduna da Abuja ba sa karɓar kaya sai da ita. Samunta na buƙatar ɗaki na musamman da za su zo su duba, da gwajin zumar a ɗakin bincikensu. Mace ɗaya mai amya biyar ba za ta iya ba, ƙungiya za ta iya. Kafin nan, in wani mai buga takarda ya ce zai sa muku wata lamba don ado, ku ce a'a. Laifi ne babba, kuma a kan sunan ƙungiya zai faɗo.

Adireshi da lambar waya: na ofishin ƙungiya za a sa, da layin ƙungiya mai WhatsApp. Kada wata ta buga lambarta ta kanta ko sunan unguwarta ko ƙauyen da amyarta take. Roba tana tafiya inda ba ki sani ba, ta faɗa hannun wanda ba ki sani ba, kuma a wannan zamani ba sai mun yi dogon bayani ba.

An ja magana a kan suna. 'Yan Funtuwa suna son a ce zumar Funtuwa, 'yan Malumfashi suka ce ashe ƙudansu ma ya koma Funtuwa da zama ba su sani ba. Abin da muka tsayar shi ne sunan ƙungiya a sama, babba, a bar ɗan fili a ƙasa inda za a buga hatimin ƙaramar hukumar da zumar ta fito. A wannan filin ne kuma za a buga rana da lambar rukuni, don kada mu riƙa buga sabuwar sitika kowane wata.

Lambar rukunin nan ita ce amsar tambayar da da yawanku suka yi mana a asirce: in muka haɗu a suna ɗaya, wata ta kawo mai ruwa ko mai haɗi fa? Tambaya ce mai kyau, wake ɗaya ke ɓata gari. Kowane bokiti da ya shigo za a auna shi, a duba ruwansa, a ba shi lamba, a rubuta a littafi da sunan mai shi, a ɗebi kaɗan a ajiye a ƙaramar kwalba. Sunanki ba zai fita waje ba, lamba kawai. In ƙorafi ya zo, littafi zai nuna daga inda take, ba sai an zargi kowa da kowa ba. Wadda aka mayar wa da bokitinta kada ta ɗauka an ci mutuncinta, ko ta Shugaba ce in ba ta kai ba za a mayar.

Akwai abin da ba za mu rubuta ba. Ba za mu rubuta cewa tana maganin ciwon suga ko olsa ko hawan jini ko rashin haihuwa ba, kamar yadda ake cika takardu da shi a kasuwa. Mun yi imani da abin da ya zo a Suratun Nahli game da zuma, babu mai ja da wannan. Amma jera sunayen cututtuka a jikin roba alkawari ne muka ɗauka da bakinmu, hukuma ba ta yarda da shi a kan abinci ba, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na zuma sukari ne na halitta. Mai ciwon suga ya karanta takardarmu ya ajiye maganinsa ya kama shan cokali uku safe da yamma, alhakinsa a wuyan wa? Haka kalmar nan ta Turawa da ke nufin ba a taɓa kusantar maganin feshi ba, ita ma mu bar ta. Ƙudan zuma yana tafiyar kilomita uku ko fiye neman fure, kuma ba mu da igiyar da za mu hana shi sauka a gonar auduga.

Abu biyu kuma za mu ƙara da kanmu. Na farko, layi ɗaya da zai ce daskarewa ɗabi'ar zuma ce, ba alamar sukari ba, in ta daskare a tsoma robar a ruwa mai ɗumin da hannu zai iya jurewa. Wannan layin kaɗai zai rage mana rigima da masu dawo da kaya a watan Janairu. Na biyu, iyayenmu ku yi haƙuri da mu, mun san al'ada ce a lasa wa jariri zuma. Likitoci a duniya sun haɗu a kan kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan iya kasancewa a cikin zuma ko da mai kyau ce. Babba ba ta yi masa komai, amma hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai kare kansa ba, tana iya saki masa jiki har numfashi ya gagara. Za mu rubuta shi a fili da Hausa, kuma muna roƙon ungozomomin da ke cikinmu su kai maganar gidajen suna.

Ita takardar kanta kada ta rufe robar duka, a bar rabi a buɗe mai saye ya ga launi. Zumarmu ba launi ɗaya take ba, wata fara, wata ja, wata har da ɗan ɗaci, gwargwadon furen da ƙudan ya samu, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. A buga a kan sitika mai santsi wadda ruwa ba ya wanke rubutunta, domin ta takarda zalla hannu mai danƙo ɗaya ya ishe ta. Launi biyu sun isa. Hoto kuma kada a ɗauko na intanet, irin mai ɗan sandan katako da ba a taɓa gani a gidan kowa a nan ba. Cikin ɗiyanmu 'yan makaranta akwai masu zane, a ba su su zano mana jan furen ɗorawa da ƙuda a kai, a zaɓi wanda ya fi.

Ga abin da muke nema a wurinku yau. A amince a ciro kuɗi daga asusu a sayi robobi da murafe da sitika na zagayen farko, da sikeli ɗaya da na'urar auna ruwa da bokiti biyu masu famfo, a riƙa cire kuɗin mazubi daga cinikin kowa bayan an sayar, ba kafin ba. A amince da girma biyun da muka ambata. A zaɓi mata uku da za su riƙe littafi da sikeli, kuma kada su fito daga gari ɗaya. Wadda take son ci gaba da sayar da tata a gefe ba a hana ta ba, amma ba da sitikar ƙungiya ba. In an amince, muna son kwalin farko ya fita kafin 20 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don ƙudan zuma, wadda ta zo daidai da ƙarshen cirar bazara.

Samfurin roba da kwalba da murafen suna kan teburin nan na hannun dama, da sikeli a gefe. Kowa ta zo ta ɗaga, ta murɗa, ta shinshina kafin a ɗaga hannu. Ma'aji za ta karanto lissafin bayan sallar Azahar.